Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Cunkoso Da Alfarma A Ɗakin Imajansi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne dattawan unguwanni da matasa da iyaye mata da 'yan adaidaita sahu na wannan gunduma taka. Mun zauna mun ce bari mu kawo kukanmu inda ya dace tunda kai ne uban ƙasa, kuma maganar ɗakin imajansi ce na babban asibitin garin nan.

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya wajen da daddare, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ya san abin da muke faɗa. Yara biyu wani lokaci uku a gado ɗaya, wasu kan benci wasu kan tabarma a baranda, ledar ƙarin ruwa an rataye ta a jikin taga ko kuma ɗan'uwan mara lafiya ne ya ɗaga ta sama da hannu har hannun ya sage a canje shi, likita ɗaya yana zagayawa ido ya yi ja don rashin barci. Wannan duk mun sani, kuma mun san Hakimi ba shi ke sayen gado ba, likitocin ma kowa na gani suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne waye ake fara gani. A bakin ƙofa babu nas da ke duba wanda ya shigo, mai gadi ne sai mai yankar kati. Uwa ta shigo a guje da yaro yana jijjiga, ido ya kakkafe kumfa a baki, sai a ce mata ta je ta yanko kati tukuna, ta je ta tarar da layi, a gabanta ga mai ciwon kai ga wanda ya zo wankin ciwo, kuma kowa cewa yake ai ni na riga ki zuwa. Tana tsaye kuma sai ka ga an shigo da wani yana tafiya da ƙafarsa har yana danna waya, an wuce da shi ciki kai tsaye saboda wani babba ya bugo. Wallahi wannan ne ke sa mutane zuciya har ka ji an zagi nas ko an ɗaga mata hannu, abin da mu ma ba mu goyon baya ko kaɗan.

Kuma fa abin nan yana da gyara, ba sai an gina sabon bene ba. A Afirka ta Kudu launi suke ba mara lafiya tun daga ƙofa. Ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, ruwan ɗorawa cikin awa 1, kore zai iya jira har awa 4. Nas ce ɗaya a tebur da abin awon hawan jini da na zafin jiki, ta ƙirga numfashi, ta duba ko mutum na cikin hayyacinsa, shikenan. Wanda numfashi ke sarƙe masa, wanda ya suma, mai jijjiga, mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, wanda aka kwaso daga haɗarin mota, waɗannan babu maganar layi a kansu, kati ya biyo baya. In an rubuta tsarin da Hausa da ajami an manna a bango, mai launin kore zai zauna ya jira da haƙuri don ya san dalilin da ya sa aka wuce shi. Mu jira bai dame mu ba in dai tsananin ciwo ne ya sa wani ya riga mu.

Doka ma tana bayanmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. Akwai kuma ta 2017 da ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. A cikin asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ɗin ta kafa, kashi 5 cikin 100 an ware shi ne don jinyar gaggawa. To dan Allah a taya mu tambaya, ina namu rabon yake shiga, tunda har safar hannu da sirinji sai an rubuta mana mun fita kemis da tsakar dare?

Mu ma da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Mutum ɗaya ba lafiya dangi sun cika adaidaita biyu sun toshe hanyar da za a turo gado. Wasu kuma sai an gama kemis da jiƙe-jiƙe, yaro ya yi fari fat jini ya ƙare, sannan a kwaso shi. Amma a duba, asibitin sha-ka-tafi na unguwanni kafin la'asar an sa kwaɗo, to mai zazzaɓin dare ina zai nufa in ba imajansi ba?

Don haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya kira shugaban asibitin da shugaban ƙaramar hukuma a zauna a gabansa, a sa nas mai tantance marasa lafiya a ƙofa dare da rana, a daina tura mai launin ja yankar kati kafin a taɓa shi, sannan a zaɓi ko da biyu daga cikin ƙananan asibitocin unguwa su riƙa kwana a buɗe a lokacin damina. Dagatai da masu unguwanni da limamai kuma a ba su umarni su faɗa wa jama'a a masallatai da wajen suna da ɗaurin aure cewa ɗan rakiya ɗaya ko biyu sun isa, kuma in nas ta ce ka jira ba raini ba ne.

Sai magana ta ƙarshe, a gafarce mu in mun yi tsaurin ido. Wasu daga cikin wayoyin alfarmar nan da sunan fada ake buga su, mun kuma tabbata ba da saninka ba ne. In Hakimi ya fito da bakinsa ya ce ko ɗan gidansa aka kai a bi tsananin ciwo, babu kansila ko ɗan siyasar da zai ƙara samun bakin bugo waya. Muna da matasa da suka yarda su riƙa tsayawa a ƙofa suna rage cunkoson 'yan rakiya kyauta, izini kawai suke jira.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Al'ummar unguwannin wannan gunduma.