Farkon sararin samaniya ba fashewar bam ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan bayanin masana kimiyya game da farkon sararin samaniya, domin sunan da ake fassarawa da "Babbar Fashewa" yana rikitar da ɗalibaina da iyayensu, har wasu suna zaton wani abu ne ya tarwatse kamar bam a tsakiyar fili. Wanda ya raɗa sunan ma, Fred Hoyle na Ingila, bai yarda da bayanin ba. A wani shirin rediyon BBC ya furta shi a 1949, sai ya bi bakin jama'a.

Abin da masanan suke faɗi shi ne, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, duk abin da muke hange a sama a cure yake cikin matsanancin zafi, sannan sararin kansa ya yi ta buɗewa yana hucewa, kuma har gobe bai daina ba. Nakan kwatanta wa yara da ƙullun fanke da aka cuɗa da riɗi: idan ƙullun ya tashi, kowace ƙwaya tana nisantar 'yar uwarta, alhali babu wadda ta motsa da kanta, kuma waɗanda suka fi nisa da juna su ne suka fi saurin rabuwa. Irin wannan Edwin Hubble ya gano a 1929 da na'urar hangen nesa ta Dutsen Wilson a Amurka, inda ya ga gungun taurari suna ja da baya, na nesa sun fi na kusa gudu.

Hujjar da ta fi ratsa ni kuwa ita ce ta Arno Penzias da Robert Wilson, masana biyu a Amurka, waɗanda a 1964 wani shuuu ya addabi eriyarsu ta rediyo daga kowace fuska, dare da rana. Sai da suka share kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, amma ƙarar ba ta gushe ba. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya samu hanyar fita bayan shekara 380,000 da farawar al'amarin, kuma ya huce har zafinsa bai wuce digiri 2.7 a saman sanyi na ƙarshe ba, wato sanyin da babu wanda ya fi shi. An ba su kyautar Nobel a 1978.

Wannan lissafi bai ce sarari ya halicci kansa ba, domin awon masana bai kai ga ainihin lokacin farko ba, balle abin da ya gabace shi. Georges Lemaître ɗan Beljiyam, wanda ya kawo bayanin buɗewar sarari tun 1927, limamin Katolika ne, amma da Fafaroma Pius na 12 ya nemi ya kafa hujjar addini da binciken a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba. Ina ganin ya yi hangen nesa. Mu ma masu gaggawar jingina aya ta 30 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce sammai da ƙasa a haɗe suke aka raba su, ga wannan bincike, ya kamata mu bar tafsiri a hannun malamai, tunda alƙaluman kimiyya ana yi musu gyara duk lokacin da aka samu na'urar da ta fi ta da.

Roƙona, ya Edita, shi ne a ware shafi ko da sau ɗaya a wata domin irin wannan bayani da Hausa, a kuma gayyato malaman jami'o'inmu su amsa tambayoyin masu karatu.

Naku,
Wani malamin kimiyya, daga Zariya