Fizgar giyar otomatik: a duba mai kafin a sauke giya

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu mota. Mota na fizga wajen canjin giya, nan take sai a ce a sauke giya, alhali sau da yawa matsalar man giya ce.

A fara da ma'aunin man giya. A Toyota, inji ya yi zafi, yana aiki, giya na kan P, mota a wuri mai daidai. A Honda kuwa ana kashe injin ne a auna nan take. Lafiyayyen mai yawanci ja ne. In ya yi baƙi yana ƙauri, kulocin ciki na cinyewa. In ya yi kamar madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada motar ta ƙara motsi.

Abin da ya fi damunmu shi ne zuba kowane jan mai. Kowace giya da nata: T-IV ko WS ga Toyota, DW-1 ga Honda, CVT, wato giyar otomatik mai aiki da bel, ita ma nata daban. Man da bai dace ba, balle jabu, shi ke sa kuloci ya kama da ƙarfi. Idan an tsiyaye, yawanci kamar lita 3 zuwa 4 ke fita. A mayar daidai abin da ya fita. In giyar na da farantin ƙasa, a kwance shi, a canza matata, a duba maganaɗisun da ke cikinsa: laushin ƙura ba komai, ɓurɓushin ƙarfe kuwa ɓarna ce.

Fizgar ta ci gaba? A sa kwamfuta. Lambar P0750 ko P0755 solenoid take nunawa, wato bawul ɗin lantarki da ke sarrafa man giya. In sai an saka D ko R take dukan, a duba robobin da inji ke zaune a kai.

Naku,
Wasu makanikai, Kano