Kukana a kan laftof mai araha da abin da ake rubutawa a jikin sitika

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni malamin makaranta ne a nan Kano, kuma dai ba ma'abocin rubuto wasiƙa ba ne, amma abin da ya same ni a kan wata laftof da na saya wa ƙanwata ya tsaya min a rai, na ce gara in rubuto ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Yarinyar nan ta samu gurbi a jami'a, aka ce lallai sai da kwamfuta saboda asaimen da firojet, ni kuma ni ne babba a gida tun rasuwar mahaifinmu, to ka san sauran zancen. Na haɗa albashi da kuɗin adashi na shiga kasuwa, tun daga bakin titi wani ɗan kayi-nayi ya tare ni yana Alhaji me ake nema, ya ja ni har wani shago. Aka ɗauko min wata siririya mai ruwan azurfa, sabuwa fil a kwali, ka ɗaga ta kamar littafi don rashin nauyi. A jikin takardar da suka manna an rubuta Intel, an rubuta 2.8GHz, an rubuta Windows 11, an rubuta ma'ajiya 192GB, sikirin kuma HD. A gefenta akwai wata baƙa mai kauri ta hannu, duk gefen ya goge, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin Turai, kuɗinsu kusan ɗaya. Mai shagon ya ce Malam wa zai bar sabuwa ya ɗauki gwanjo, ni ma na ce haka ne, na biya na fito ina jin na yi dabara.

Ba a yi sati uku ba ta kira ni, wai Yaya kwamfutar nan fa in na buɗe Word na buɗe Chrome sai ta sanƙare, kuma kullum tana cewa wuri ya cika. Na ce ke dai kin cika ta da finafinai. Da ta zo hutun ƙarshen mako na karɓa na duba, wallahi babu fim ko ɗaya, takardun karatu ne kawai da hotuna 'yan kaɗan. Sai na kai wa wani tsohon ɗalibina da yake gyaran kwamfuta, yaron kirki, shi ne ya zaunar da ni ya warware min komai tiryan-tiryan, ina zaune ina jin kamar ni ne ɗalibin.

Farko ya sa farce a gefenta ya zaro wani ɗan memori kad, irin na kyamara, 128GB. Ya ce Malam ga 128 ɗinka, sauran 64 ɗin kuma suna ciki, in ka haɗa ai 192 ne, ba su yi ƙarya ba a lissafi. Shi 64 ɗin ma ba SSD ba ne, wato ma'ajiya mai sauri da ake sa wa kwamfuta, wani abu ne da ake kira eMMC, dangin wanda ke cikin ƙananan wayoyi, a like yake da bod, wato allon da kayan cikin kwamfuta suke kai, ba ya cirewa, kuma in ka buɗe ba za ka ga 64 cif ba sai wajen 57 ko 58, sannan Windows kaɗai ta cinye kusan rabi, duk sanda ta tashi sabunta kanta sai ta nemi ƙarin wuri ta rasa. Batun 2.8GHz kuwa, furosesan ciki, wato injin da ke yi wa kwamfuta lissafi, Celeron N4020 ne, asalin gudunsa 1.1GHz, shi 2.8 ɗin wani ɗan yunƙuri ne da yake yi na ɗan lokaci in an matsa masa, kamar mai keke ya miƙe tsaye a kan feda zai hau gada, ba wanda zai yi tafiyar Kano zuwa Wudil a haka. Su Intel ba su ɓoye ba, lambobin biyu duk suna nan a shafinsu, mai shago ne ya zaɓi babbar ya rubuta ya bar ƙaramar. HD ɗin ma ashe 1366 ne da 768, wanda ake nufi da sikirin mai kyau shi ne 1920 da 1080 da ake ce wa Full HD, kalma ɗaya ce tsakani amma idonka zai gaya maka bambancin.

Na ce to shikenan, a ƙara mata ram, wato wurin da take riƙe ayyukan da aka buɗe, nawa ne. Ya kwance notinan ƙasa ya ɗaga murfin ya ce Malam leƙo. Edita, na leƙa. Batir ne ya cinye yawancin cikin, bod ɗin kuma ɗan mitsitsi a kusurwa bai fi tafin hannuna ba, ko fanka babu, wani ɗan faranti ne kawai aka ɗora a kan furosesan. Ram ɗin 4GB an narka shi da dalma a jikin bod, babu ramin da za ka sa wani, babu wurin faifai, babu komai. Yadda aka haife ta haka za ta mutu. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, don da bakina na tambayi mai shagon ko ana iya ƙara mata ƙarfi nan gaba ya ce sosai ma, kawo ta kawai.

Na koma shagon da rasit ɗina. Rasit ɗin kuwa me aka rubuta, laftof guda 1, sai kuɗi, sai sa hannu, a ƙasa kuma da jan rubutu wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Mai shagon bai ɗaga murya ba, ya ma ba ni kujera da ruwa, ya ce Malam wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, kuɗin da ka kawo kayan da zai saya kenan. Na ce Alhaji gaskiya ne, amma ai ba rariya ka ce min ba, tulu ka ce min. Ni ban ƙi a sayar da ƙaramar kwamfuta ba, tana da masu ita, wanda zai yi rajistar JAMB ko ya kalli karatu a YouTube ko yaro ya koyi buga rubutu za ta yi masa. Abin da na ƙi shi ne a san aibin abu a rufe shi da lambobi. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin nan na mai sayar da hatsi da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. To memori kad a gefen laftof a kira shi ma'ajiya, in ba jiƙaƙƙen hatsi ba mene ne.

Kuma kar masu kayan hannu su ce sun tsira, nasu salon daban ne kawai. Su abin da suke wasa da shi shi ne i7, wato wani ajin furosesan Intel. Mutum ya shigo ya ce shi fa i7 yake so don ya ji an ce ita ce babba, sai a miƙo masa i7 ta 2011 ya tafi yana murna, bai san akwai zubi-zubi ba. Lambar farko da ke bayan ɗan layin da ke cikin sunan furosesa ita ce magana, i7-2620M zubi na 2 ce, i5-8250U zubi na 8 ce ta 2017, kuma wannan i5 ɗin ƙwaƙwalwa 4 gare ta a ciki ita kuwa waccan i7 ɗin 2 ce, ko kusa ba za su jera ba. Sitika kuma ba shaida ba ce, ana sayar da ita a kasuwa kamar alawa, kowa zai iya mannawa. Ga kuma wata matsalar da ba sa faɗa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa, sai ka ga an yi dabara an cusa ta a tsohuwar na'ura an ce maka ai ga shi Windows 11 ce a kai, alhali ta ƙofar baya aka shigar da ita. Batir kuwa kowa amsarsa ɗaya, yana awa huɗu zuwa biyar, ka je gida NEPA ta ɗauke ko shayi ba ka gama sha ba ta mutu.

Yaron nan ya nuna min abubuwan da da na sani da ban faɗa ba, kuma ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a ɓangaren Performance za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan ram da irin ma'ajiyar, ko SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa. Batir kuma akwai umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, zai fito maka da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu, in ka ga ya koma rabi to ka san awa biyar ɗin nan tatsuniya ce. Duk wannan minti biyar ne a tsaye a gaban mai shago, wanda ya hana ka dubawa ka ajiye masa kayansa ka yi gaba.

Abin dariyar shi ne a ƙarshe tsohuwar kwamfutata ce ta fitar da mu kunya. Wata i5 ce zubi na 4 da na jefar a saman sif tun da daɗewa saboda in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Na ce bari in yi karambani da kaina tunda na ga yadda ake yi. Na sayo SSD mai 256GB, wadda in ka sa za ka ga 238 kuma wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, na sayo ram 4GB na ƙari da ɗan ƙaramin sukundireba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma bayan sallar isha'i, na kori yara, na ɗauko farantin shayi ina zuba notina a ciki don kar su ɓace. Da na buɗe wajen fanka, abin da na tarar ba ƙura ba ce kawai, wani dunƙule ne kamar audugar katifa, harmatan na shekara da shekaru ya toshe hanyar iska gaba ɗaya, shi ya sa take zafi kamar dutsen guga tana ihu. Na sa tsohon burushin haƙori na share, man da ke kan furosesa don fitar da zafi ya bushe ya zama kamar alli, na goge na sa sabo ɗan ɗigo.

To a wajen ram ne na sha kunya. Na sa, na mayar da murfi, na kunna, fitila ta kawo fanka ta juya sikirin baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi na ce shikenan na kashe ta, uwargida tana daga ƙofa tana cewa ai dama na faɗa maka ka kai wa masu yi. Da safe na kira yaron, ya ce Malam karanta min abin da ke jikin ram ɗin, na ce PC3, ya ce na asalin fa, na ce PC3L. Ya yi dariya ya ce wannan L ɗin ita ce matsalar, PC3L wato DDR3L wuta bolt 1.35 yake ci shi kuwa PC3 wato DDR3 zalla 1.5, bakinsu ɗaya suna shiga rami ɗaya amma irin na'urarka mai L take so. Harafi ɗaya tak. Na koma aka canza min da ƙyar da ƙarin ɗari biyar, na sa, sai ga ta ta tashi. Na kuma karya ɗan maƙalin roba guda a gefen murfin garin ɓanɓarewa da wuƙa, har yanzu wajen a ɗan buɗe yake, kuma noti ɗaya ya yi saura a farantin shayi wanda har yau ban san daga ina ya fito ba. Shawara ɗaya da zan ba mai son gwadawa, ya cire caja ya cire batir kafin ya taɓa komai, kuma ya ɗauki hoton ciki da waya kafin ya kwance, ni ban yi ba na gane kurena.

Yanzu tsohuwar nan ba ta kai rabin minti ta tashi, ƙanwata ta tafi da ita makaranta tana ta aikinta, nauyi ne kawai take kuka da shi. Na san ba za ta hau Windows 11 ta hanyar da ta dace ba, wannan matsalar gaba ce, amma kuɗin da na kashe mata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabuwar ba.

Roƙona gare ku Edita, jaridarku tana shiga inda bayanan Turanci ba sa shiga. Ku ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, don iyaye da yawa suna sayar da akuya da hatsi su saya wa yara kwamfuta kuma cinikin biri a sama suke yi. Shugabannin kasuwannin waya da kwamfuta kuma don Allah su sa doka a riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa da zubinta da yawan ram da irin ma'ajiya a kan rasit, a kuma rubuta ko ana iya ƙari ko ba a iyawa, mai gaskiya ba abin da zai rage masa. Akwai hukumar FCCPC ta tarayya da dokar kare masu sayayya ta 2018 wadda ta hana a siffanta kaya da abin da zai yaudari mai saye, mu nan Kano ma muna da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, to su riƙa leƙawa shagunan kwamfuta, ba wajen abinci da magani kaɗai ake algus ba.

Ita kuwa mai ruwan azurfar tana nan a kwalinta a ƙarƙashin gado. Mai shagon ya ce in na so zai karɓa ya sayar min amma a rabin kuɗi, na ce a'a, don na san wani bawan Allah zai manna wa ita da takardar 192GB ɗin nan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je wajen shugaban 'yan kasuwar da rasit ɗin da memori kad ɗin a aljihuna, duk yadda muka yi zan sake rubuto muku.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Kano