Gasar ƙwallon mata ta jami'o'in Amurka ta cancanci gurbi a shafin wasanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da Super Falcons za su buga wasa, shafinku na wasanni kan jero sunayen 'yan wasa da kulob ɗin kowacce, amma ba a cika faɗin inda wasunsu suka goge ba. Da yawa daga cikinsu gasar jami'o'in Amurka ce ta rene su, wadda NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ke shiryawa tun 1982. Michelle Alozie ta buga wa jami'o'in Yale da Tennessee, Toni Payne ta fito daga Duke, Ifeoma Onumonu daga California. Jennifer Echegini kuwa ta ɗaga kofin ƙasa da Florida State a 2023, ranar da suka lallasa Stanford da ci 5-1, kuma ita aka ba lambar MAC Hermann ta gwarzuwar jami'o'i a shekarar. Shi kansa Randy Waldrum, kocin da ya kai Falcons gasar duniya ta 2023, ya ci kofin jami'o'in sau biyu da Notre Dame, a 2004 da 2010. Don haka nake roƙon ku riƙa kawo labarin wannan gasa, kuma ga abin da wakilinku zai kiyaye don kada ya auna ta da ma'aunin Firimiya.

Ƙungiyoyi 64 ke shiga gasar ta rukunin manyan jami'o'i, wato Division I. Kusan rabinsu suna samun gurbi kai tsaye saboda sun lashe gasar yankinsu, sauran kuma kwamiti ne ke zaɓo su, yana duba nasarorinsu da ƙarfin waɗanda suka kara da su. A nan ake yawan rigima. Jami'ar da ta ci wasanni da yawa a yanki mai rauni tana iya rasa gurbi, wata da ta sha kashi sau biyar a yanki mai zafi kamar ACC ta shiga. Ni dai ina ganin kwamitin na da gaskiya a mafi yawan lokuta, domin cin ƙananan ƙungiyoyi ba ya nuna komai a watan Nuwamba, lokacin da ake fara gasar.

Daga nan sili ɗaya ƙwale ne, babu gida da waje. Nasara shida a jere ke kai ƙungiya ga kofi. Zagayen farko-farko a filayen jami'o'in da suka fi matsayi ake buga su, sai huɗun ƙarshe su haɗu wuri guda a farkon Disamba, a abin da ake kira College Cup, wanda sau da yawa garin Cary na jihar North Carolina ke karɓar baƙuncinsa.

Dokokin wasan ma ba ɗaya suke da na FIFA ba. Agogo yana kan allo, yana sauka daga minti 45 zuwa sifili, ana tsayar da shi idan an ci ƙwallo ko an ji rauni ko an ba da kati, don haka babu mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa daga aljihunsa. Idan aka yi canjaras, ƙarin lokacin kashi biyu ne na minti goma-goma, sannan bugun fenariti. Canjin 'yan wasa kuma ya fi yawa, har wadda aka cire tana iya dawowa bayan hutun rabin lokaci. Wannan ne ya sa wasan yake da gudu da matsi sosai, domin koci na iya sa 'yar gaba ta ƙure ƙarfinta na minti ashirin, ya fitar da ita ta huta, ya maido ta. Illarsa ita ce yarinyar da ta saba da haka takan sha wuya idan ta koma wasan ƙwararru, inda dole ta iya raba numfashinta a minti 90.

Babbar matsalar gasar ita ce cunkoso. Kakar gaba ɗaya daga Agusta ce zuwa Disamba, kuma zagaye na biyu da na uku a jere ake yin su, tsakaninsu 'yan kwanaki kaɗan. Jikin da bai huce ba shi ne ke jawo tsagewar tsoka da yankewar jijiyar gwiwa, raunin da kan zaunar da 'yar wasa wata tara ko fiye. Ƙungiyar da ke da isassun 'yan canji masu kyau a benci ita ke kaiwa Disamba.

Game da tarihi, jami'ar North Carolina ce uwar gida: kofi 21 a hannun kocinta Anson Dorrance, wanda ya horar da tauraruwar Amurka Mia Hamm, da na 22 a 2024, 'yan watanni bayan ya yi ritaya, inda suka doke Wake Forest da ci 1-0. Amma zamanin da take cinye kowa ya wuce, Florida State da Stanford da UCLA duk sun shigo gaba. A wasan ƙarshe na 2022 ma North Carolina tana gaba da ci 2-0 saura minti goma, UCLA ta farke ta kuma cinye 3-2 a ƙarin lokaci.

Idan za ku fara, ku sa ido a ranar da ake fitar da jadawalin 64 a farkon Nuwamba, ku tsamo sunayen 'yan asalin Najeriya da Ghana da Kamaru da ke ciki, ku bi su zagaye-zagaye.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna