Dariyar da na ji a wayar yayarka

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da ke riƙe da kai. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya fara kaɗawa, ko da yake na san wanda ya ga ƙanƙara tana zuba a Ayowa ta Amurka ba zai ɗauki namu a bakin komai ba. Ummanka ta warware, ƙafar ce dai ba ta son doguwar tsayuwa. Maganar gonar Hajiya kuwa tana nan inda ka bar ta, kada ma ka tambaya.

Rubutun da ka turo in duba maka Turanci ya iso tun ran Lahadi. Na so in gyara in mayar maka a daren, sai na tuna shekara 35 na yi ina hana ɗalibai yin sharhi a kan littafin da ba su karanta ba. Yayarka ta samo mini shi, The Chocolate War ɗin nan na Robert Cormier, na kwana uku a kansa. Akwai wurare a ciki da ba zan so a ce ɗana ne aka tsayar ya karanta su da ƙarfi a gaban 'yan mata ba. Ba ni kaɗai nake ganin haka ba, tun fitowarsa a 1974 iyaye a Amurka suke kai ƙorafi a cire shi daga makarantu. Ni dai ba zan bi sahunsu ba. Marubucin tsohon ɗan jarida ne, kuma ya san halin yara maza in an tara su wuri guda an rufe ƙofa.

Ka ce Jeri, yaron da labarin yake kansa, wawa ne. Hujjarka ita ce kwali 50 na cakulan aka ɗora wa kowane yaro ya sayar wa makaranta, shi ya ƙi, aka yi masa dukan kawo wuƙa, cakulan ta ƙare tas ba da hannunsa ba, Arci da ya kitsa komai ya tafi gida salin-alin. Har ka kafa hujja da abin da Jeri yake ƙoƙarin faɗa wa abokinsa yana kwance cikin jini, cewa ya riƙa yin duk abin da suka ce ya yi. Rubutun ya tsaru, ba zan ɓoye maka ba. Da ɗalibina ne ya kawo mini shi, zan ba shi maki mai kyau, sannan in sa masa ido har ƙarshen zango.

Da rubutun ne kaɗai da na ce ƙuruciya ce da son jayayya, irin wanda ka gada a ɗakinku. To ran Talata yayarka ta zo da wani ɗan bidiyo da abokinka ya ɗora. Ba ƙararka ta kawo ba, kada ka kira ta da faɗa, Ummanka take nuna wa don ta ga ka yi ƙiba. Wurin cin abinci ne na makarantarku. Wani dogo cikin rigar 'yan ƙwallo yana kwaikwayon in'inar wani yaro, yaron na zaune a ƙarshen tebur ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Fuskarka ba ta fito ba, kafaɗarka ce kawai da hular sanyin da na sayo maka a Ƙofar Wambai. Amma dariyar taka ce. Dariyar marigayi mai sunanka ce, wadda ke farawa kamar tari. Ko cikin mutum dubu zan tsince ta.

Ummanka ba ta lura ba. Ni kuwa tun ranar barcina ya zama rabi.

Koma ka buɗe littafin a wurin da Malam Liyon ya kira Beli gaban aji. Ban ga ka ambaci wurin nan ba ko da layi ɗaya, alhali a ganina nan ne zuciyar littafin. Beli yaro ne mai ƙoƙari, mai kunya. Malamin ya shauɗe shi a kumatu da sandar nuna allo, ya ce satar amsa yake yi, tunda ba ya kuskure kuma ba wanda ba ya kuskure sai Allah. Aji ya yi ta dariya. Jeri ma yana cikin ajin, abin ya dame shi, amma bai buɗe baki ba. Sai can dab da kaɗa ƙararrawa wata murya ɗaya daga baya ta ce a ƙyale yaron. Nan malamin ya juyo kansu ya ce Beli ne kaɗai ya ci jarrabawar, su kuwa sun mai da ajin Jamus ta zamanin Hitila. Mugu ne Liyon, wasa yake yi da su kamar kyanwa da ɓera, amma abin da ya faɗa a kansu gaskiya ne.

Ka kuma yi lissafi, tunda kai ne mai son lissafi a gidan nan. Yara 400 ne a makarantar, kwali 20,000, dala biyu kowane, ninkin na bara a yawa da kuma a kuɗi. 'Yan ƙungiyar asirin nan ta ɗalibai, wadda Arci yake juyawa, nawa ne a cikinsu? 'Yan tsiraru. Arci kansa bai taɓa ɗaga hannu ya naushi kowa ba daga farkon littafin har ƙarshe. A daren damben da aka haɗa Jeri da wani ƙaton yaro mai suna Janza, tikiti yara suka saya da kuɗinsu, kowa ya rubuta wane ne zai kai naushi da kuma irin naushin, ana zarowa ana karantawa, wanda aka rubuta sunansa yana cikawa. Hannun Janza ne, amma umarnin daga kan benci yake fitowa, daga yaran kirki masu zuwa aji a kan lokaci, waɗanda iyayensu za su rantse ba sa faɗa. Kai ka tsaya kana auna ribar Jeri da asararsa kamar mai sayar da tumatir. Marubucin kuwa kan bencin nan ya haska fitilarsa. Ko abokin Jeri ɗaya tilo, da aka sanar ya sayar da kwali 50 alhali ya san bai sayar ba, shiru ya yi ya bar ƙaryar ta zauna a allo.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, ko Ummanka gutsure kawai ta sani. A 1980 ina fom uku a makarantar kwana. Ka sha jin labarin siniyoyinmu, tsallen kwaɗo da kamun kunne, wankin kayan da ba naka ba, garin da za ka zo da shi daga gida a ƙwace tun kafin ka buɗe akwati. Kullum a matsayin wanda aka zalunta nake ba ku labarin, kuna dariya. Akwai wanda nake tsallakewa. Wani yaro ɗan fom wan, ɗan ƙauye, maraya, yana fitsarin kwance. Wata Asabar bayan duba tsafta kaftin ɗin gidanmu ya ɗora masa katifarsa a ka, ya sa aka zagaya da shi ɗakunan kwana ana yi masa waƙar amalala. Ban taɓa shi ba, Abba. Ko ɗan yatsa ban ɗora masa ba. Amshi kawai na yi da tafi, ina bin baya, saboda na ga kowa na yi, kuma saboda na san wanda bai yi ba kaftin zai gan shi. Da muka kai bakin famfo yaron ya waiwayo ya dube ni, ni kaɗai, don ni ne na taɓa koya masa ɗaurin gidan sauro a makon da ya zo. Bayan hutu bai dawo ba.

Na sake ganinsa bayan shekara goma sha wani abu a tasha, yana lodin kaya. Shi ya gane ni. Ya gaishe ni da fara'a, ya kira ni Malam, ya ƙi karɓar kuɗin ɗaukar jakata. Har yau ban san ko ya manta ba ne ko kuwa ya fi ni girma ne. Na yi niyyar neman gafararsa, direba ya danna hon, na ce wani lokaci. Sunan kaftin ɗin ya ɓace mini tuntuni, amma kallon nan na bakin famfo yana nan kamar jiya. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, in na kama masu cin zalin yaro, mai dukan bulala shida nake yi masa, 'yan kallo kuwa in tsayar da su a rana. Sun yi ta cewa Malam ba ya adalci. Ba su san da wa nake faɗa ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ni ne na riƙe hannunka a filin jirgin Abuja na ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Na faɗa, ba na musu, kuma in za ka sake tafiya gobe zan sake faɗa. Yaro ɗan shekara 16, baƙo, baƙar fata, Musulmi, a garin da masara ta fi mutane yawa, me kake so in ce maka? Abinci nake nufi, da gaisuwa, da kiyaye lokaci, da kada ka tsaya gardamar addini da mutanen da suka ba ka ɗaki. Jela na ce ka ɗaura, ban ce ka koyi cizo ba. Don wannan muka yi ta zirga-zirgar fasfo? Don wannan Ummanka ta sayar da abin da ta sayar aka yi maka sayayya? Cikin yara nawa aka zaɓe ka a shirin nan na musayar ɗalibai, don ka je ka zama ɗan amshin Shata ga wani ƙato mai buga ƙwallo? Kai da ka sauke Alƙur'ani a gaban Malam Babba, ka manta ayar Hujurati ta 11, da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili don mai yiwuwa waɗancan sun fi su? Kuma kai, Abba, kai da ka yi in'ina har aji uku na firamare! Wa ya riƙa zama da kai a zaure bayan Magariba muna jan baƙi ɗaya-ɗaya? Ka manta ranar da ka dawo daga islamiyya ka shige ƙarƙashin gado?

Astagfirullah. Na ajiye biro na sha ruwa.

Na san abin da ke cikin dariyar nan, shi ya sa ta tsorata ni. Ba mugunta ba ce. Hamdala ce, cewa yau ba kai ba ne. Wata uku kana jin tsoron su kwaikwayi harshenka, ko su tambaye ka ko da zaki kuke kwana, sai ga su sun ba ka kujera a teburinsu. Na san daɗin kujerar nan, na zauna a kanta. Kuɗin hayarta ne ba sa faɗa maka tun farko. Yau dariya, gobe a ce kai riƙe wayar, jibi a ce kai ma gwada mana yadda yake magana, ai ka iya. Ka duba yadda Jeri ya fara: ai 'yan ƙungiyar asirin nan ne suka umarce shi ya ƙi karɓar cakulan na kwana goma. Da biyayya ya shiga. Da kwanakin suka cika ya ci gaba da cewa a'a don kansa, a ranar ne suka ga ashe ba nasu ba ne.

Kada kuma ka fahimce ni a baibai. Ban aike ka ka zama Jeri ba. Ba na son a kira ni a waya cikin dare a ce ɗana yana asibiti, ko an sa shi a jirgi saboda faɗa. Kada ka ɗaga wa kowa hannu, kada ka tsaya wa'azi a tsakiyar wurin cin abinci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera mana hannu, da harshe, da zuciya, ya ce na ƙarshen shi ne mafi raunin imani. Ni a yanzu ko mafi raunin nake roƙo a wurinka: fuskarka ta ƙi. In suka fara, ka ɗauki farantinka ka tashi. Ran da ka ji ƙarfi, ka je ƙarshen teburin ka zauna ka tambayi yaron aikin gida, kuma in ya tsaya a kan kalma kada ka ƙarasa masa, ka san yadda hakan ke ƙona rai. Makarantun can suna da malami mai ba ɗalibai shawara, kuma matar gidanku da muka gaisa da ita na ga mai hankali ce. Gaya musu ba gulma ba ce.

Wani abu da na ci karo da shi da zai yi maka amfani a rubutun: labarin ya samo asali ne daga ɗan marubucin na cikinsa, wanda ya ƙi sayar da cakulan a makarantarsa, uban ya rubuta masa takarda ya kai. Ba abin da ya sami yaron. Uban ne ya zauna yana tunanin da abin ya juya fa. Ka ga ashe littafin tsoron uba ne, ba labarin abin da dole sai ya faru ba, kai kuma ka karɓe shi kamar hukuncin alƙali.

Ban ce ka canza matsayinka don ka faranta mini ba. In har yanzu kana ganin Jeri wawa ne, rubuta haka, amma ka ƙara shafi ɗaya a kan ajin Beli, ka faɗa wa malamarku a wace kujera kake zaune a ajin. Na yi maka alama a wurare goma sha ɗaya, yawancinsu lokacin aiki ne, har yanzu kana fara labari a jiya ka ƙarasa shi a yau.

Ummanka ta daka maka yaji, tana neman mai zuwa. Ta ce ka riƙa sa safa biyu. Ka kira ran Asabar in ka idar da Asuba, nan ya kama wajen Azahar, zan kasance a gida. Ba zan tayar da maganar nan a gabanta ba. Sunan yaron kawai nake so ka zo mini da shi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka