Amsa ga ƙanena da ya yi tambayar kyamara a taron Agege

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Lahadin da ta wuce, a taron samari masu koyon ɗaukar hoto a nan Agege, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Yaya, na kwashi adashina, na gaji da aron kyamara. In sayi ƙaramar marar madubi irin ta masu farawa, ko in ci bashi in cika in ɗauko babbar ta ƙwararru, in huta gaba ɗaya?" Na buɗe baki ke nan ladan ya kira Magariba, taro ya watse. Da aka idar da salla, mutum uku suka tare ni a ƙofar masallaci da tambaya irin taka. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsar inda kowa zai gani, maimakon in ja ka gefe.

Kada ka ci bashi. Wannan ita ce amsata, sauran duk dalilai ne.

Bari in fara da kalmarka ta "in huta gaba ɗaya", don ita ta fi tsaya mini a rai. A wannan sana'a babu kyamarar da ake saya a huta. Panasonic ne ya fara fitar da irin wannan kyamara marar madubi a cikinta, mai canjin gilashin gaba, wato lens, a 2008. Sony ya zo da A7 a 2013, Canon da Nikon kuma ba su shigo da manyan nasu ba sai 2018. Daga nan zuwa yau ka duba sau nawa aka sake zubi. Canon R6 ta fito a 2020, mutane suka yi ta rububinta, shekara biyu kacal aka fito da R6 Mark II. Wanda ya ci bashi ya sayi ta farko yana cikin biya aka fara kiran tasa tsohon yayi. Idan hutun da kake nema shi ne ka riƙe wadda babu sama da ita, to ka shiga tseren da ba ya da ƙarshe.

Na san abin da ke ranka, don ni ma na yi wannan tunanin ina sabon shiga. Kana ganin babbar kyamara ita ke fitar da hoto mai kyau. To ga lissafi. Canon R50, ƙaramar da ka ambata mini kwanaki, megafiksel 24 gare ta. R6 Mark II, wadda manyan masu hoton biki ke ratayawa, ita ma megafiksel 24. Hoton kowaccensu ɗigo 6000 ne a tsawo, 4000 a faɗi, wanda ya isa a wanke babban hoton bango a sa a firam ba tare da ya fashe ba. Su kuwa masu ba ka aiki, a ina suke kallon hoton? A WhatsApp, wanda ke matse shi kafin ya isa wayar amarya. Da rana tsaka, da gilashi mai kyau, ka ɗauki mutum da su biyun ka ajiye a gabana, ni kaina sai na yi da gaske kafin in ce ga ta wane.

Ba ina cewa kuɗin banza masu babbar suka kashe ba. Akwai bambanci, sai dai ba a inda kake zato yake ba.

Na farko yana cikin farantin da ke kama haske a cikin kyamara. Na manya milimita 36 ne a 24. Na ƙanana, wanda ake kira APS-C, bai kai rabin wannan fili ba. Da rana ba ruwanka da wannan. Amma shiga zauren biki da dare, inda mai ado ya kashe farar wuta ya kunna shuɗi da ja, sai ka ga hoton ƙaramar ya fara yin tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero, babbar kuwa tana nan da sauran ƙarfinta. Akwai kuma batir. Ƙaramar Sony a6400 a ma'aunin kamfani tana ɗaukar hoto wajen 410 kafin batir ya mutu, babbar Sony A7 III kuwa wajen 710. Manyan kuma galibi suna da abin da ke rage girgizar hannu a jikinsu, R50 da a6400 ba su da shi. Duk waɗannan ana iya yi musu dabara: ka sayi fitilar walƙiya, ka zuba batir uku a aljihu, ka koyi riƙe numfashi.

Abu ɗaya ne ba a yi masa dabara, shi ne ramin memori. Ƙananan irin na masu farawa rami ɗaya gare su. Manyan galibi biyu, kuma kana iya umartar kyamara ta rubuta kowane hoto a kan duka biyun a lokaci guda.

Bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Shekarun baya an ɗauke ni ɗaurin aure a Idi-Araba, ni kaɗai ne mai hoto. Na ɗauki waliyyai suna zaune a kan tabarma, na ɗauki lokacin da aka miƙa sadaki, na ɗauki kakan ango, tsoho tukuf da aka ɗauko tun daga gida a mota kwana guda cur don ya shaida auren jikansa, yana ɗaga hannu ana shafa fatiha. Na dawo shago bayan Isha'i, na zare memori na sa a kwamfuta. Sai ta ce in wanke shi, wato in goge duk abin da ke ciki, kafin ta iya buɗewa. Na mayar cikin kyamara, ita ma haka. Na zauna a kan benci, fanka tana juyawa amma gumi na bin bayana har cikin wando. Memorin na araha ne, na saye shi a bakin titi don na ga an rubuta sunan babban kamfani a jikinsa, ashe jabu ne. Washegari wani yaro mai gyara a Ikeja ya ceto mini kamar kashi ɗaya cikin uku. Hoton tsohon ba ya ciki. Na mayar da kuɗin aiki, mahaifin ango ya karɓa bai ce mini uffan ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tsohon bai sake zuwa Legas ba.

Ka ga abin da ake saya da kuɗin babbar kyamara ke nan. Ba kyan hoto ba ne, kariya ce ga aikin da ba a maimaitawa. Ba za ka ce wa liman ya sake ɗaura aure don memorinka ya lalace ba. Shi ya sa lokacin da Canon EOS R da Nikon Z6 suka fito a 2018 da rami ɗaya-ɗaya, masu hoton biki suka yi ta ƙorafi, alhali Sony A7 III ta shekarar tana da biyu.

Yanzu sai in juyo da tambayar gare ka: wane aiki ke hannunka yau? Ni na sani, ai tare muke. Hoton fasfo, hoton atamfa da takalma na 'yan kasuwa masu tallar kaya a waya, taron suna, walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyya, sai bikin da kake bin wani a matsayin mataimaki. Atamfa ba ta gudu. Idan hoto ya ɓace, ka koma shago ka sake. A bikin kuma akwai babba a gabanka da ke ɗaukar abin da ba a so a rasa. To wane ɗaurin aure ne kake tsoron rasawa har da za ka ɗaura wa kanka bashi?

Mu zo kan kuɗi, inda gizo ke saƙa. Da dala ake sa wa waɗannan kaya farashi. R50 ta fito a kan dala 679 ba gilashi. R6 Mark II ta fito a kan dala 2,499. R5, wadda ta fi ta girma a Canon, ta fito a kan dala 3,899. Kai ma ka san abin da ya faru tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi matsayinta: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a yi nisa a 2024 ta haye 1,500. Masu ba ka aiki kuwa naira suke biya, kuma ba su ninka kuɗin hoton suna sau uku ba. Sannan jikin kyamara somin taɓi ne. Babba tana son babban gilashi, wanda sau da yawa kuɗinsa ya kai na jikin. R5 mai megafiksel 45 tana cika memori kamar ana zuba ruwa a tulu, ɗaya raminta ma wani irin kati mai tsada yake ci, kuma tsohuwar kwamfutarka za ta riƙa nishi kafin ta buɗe hoto ɗaya. Na ga yara da yawa sun tattara komai sun sayi babban jiki, suka maƙala masa gilashi mafi araha, babu fitila, babu batir na biyu. An sayi doki, babu kuɗin dusa.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba kuɗin adashin. Ƙaramin jiki, gilashi ɗaya mai buɗewa sosai don haske ya shiga da yawa, irin wanda aka rubuta wa f/1.8, fitilar walƙiya da lemarta, batir biyu na ƙari, da memori na asali guda uku ko huɗu marasa girma sosai, ka riƙa canzawa a tsakiyar taro don kada duk aikin ya taru a wuri ɗaya. Fitilar nan kada ka raina ta. Yawancin mutanenmu baƙaƙe ne, amare kuma suna sa leshi fari mai ƙyalli, to wanda ya iya sarrafa haske shi ke fitar da fuska da leshi duka biyun, ko da wace kyamara ce a hannunsa.

Sai dai akwai ramuka a hanyar ƙananan ma, gara in nuna maka su. Za a ce maka ka sayi gilashin milimita 50, shi ne na hoton mutum. Gaskiya ne a kan babban faranti. A kan ƙaramar Canon kuwa ana ninkawa da 1.6, sai ya koma kamar 80, wato ya ƙara jawo abu kusa, filin da yake ɗauka ya ragu. Ka shiga ɗakin mai jego a gidan haya a Agege, gado ya cinye rabin ɗaki, mata sun cika sauran, ka ja baya don ka haɗa uwa da jariri da kaka, sai ka ji bayanka ya bugi bango tun ba ka samu kafaɗar kakar ba. Nemi 35 ko ƙasa da haka. Sannan R50 tana da sabon irin mazaunin fitila a samanta, tsofaffin fitilu ba sa aiki a kai sai ka sayi wata 'yar adafta, kuma mai shago ba lallai ya gaya maka ba. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 kuwa ba su da tagar leƙawa sam, allo kawai, don masu bidiyo aka yi su. A ranar Legas ta ƙarfe ɗaya, allon nan ba abin da za ka gani a ciki sai fuskarka.

Akwai hanya ta tsakiya, ita ce A7 III ta hannu. Ta kwana biyu, amma babban faranti gare ta, rami biyu, batir mai jimiri. Idan kuɗinka zai kai ta har da gilashi da fitila ba tare da ka taɓa bashi ba, ban hana ka ba, na ma fi son ta a kan sabuwar ƙarama. In za ka duba ta hannu a kasuwar Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, je da memorinka. Duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, gwada ramukan biyu, ɗauki farin bango ka ƙara girman hoton ka nemi tabo. Gilashin kuma ka haska shi da tocilar waya ta baya. Idan ka ga wani zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Danshin garin nan yana cin gilashi, babba da ƙarami bai ware ba. Naka ma idan ka saya, kada ka bar shi a jaka a ƙarƙashin gado duk damina. Samu roba mai murfi mai kamawa, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. In kuma ka je gida lokacin hunturu, kada ka canza gilashi a fili, don marar madubi da ka cire gilashi galibi farantinta a buɗe yake, ƙura kai tsaye take sauka.

Saura magana ɗaya da ba ka faɗa a taro ba, amma na gan ta a fuskarka. Kana jin kunyar shiga biki da 'yar ƙaramar kyamara. Ba zan ce maka ba a kallo ba. An taɓa samun wata Hajiya da ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, da wannan 'yar mitsitsiyar za ka ɗauki 'yata?" Na ce mata ta bari ta ga na farko. Akwai masu irin wannan ido, kuma wani lokaci sukan hana ka aiki. To ranar da babban aiki ya faɗo maka, kai kaɗai, ɗaurin aure da kamu da dina, akwai masu ba da hayar kyamara a garin nan. Ka sa kuɗin haya a cikin farashinka, ka ɗauki mai rami biyu na kwana ɗaya, taka ta zama ta biyu a kafaɗa. Idan ka wayi gari kana zuwa haya sau biyu ko uku a wata, to aikin da kansa ya gaya maka lokaci ya yi, kuma shi zai biya, ba bashi ba.

Ranar Asabar ba ni da aiki kafin Azahar. Ka same ni a shago da ƙarfe takwas mu wuce Ikeja kafin hanya ta cushe. Ka zo da memorinka da cajin waya, kuɗin kuma ka bar su a banki sai mun gwada.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka mai hoto,
Agege, Legas.