Zuwa ga Malamin da ya ce kuɗin hulɗa da jama'a asara ce

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo kan harkar yawon buɗe ido, ka bugo waya kana tambaya: me zai sa a ɗauki jami'in hulɗa da jama'a ana biyansa albashi, alhali kaya mai kyau shi ke sayar da kansa? Lokaci ya ƙare mana ban ba ka amsa ba, ga ta nan.

Da farko na yarda da rabin maganarka. Idan ɗakin kwana na yoyo, famfo ba ruwa, duk daɗin bakin jami'i ba zai hana baƙo ya koma gida yana tsinuwa ba. Wanda ya ɗauki aikin nan a matsayin roƙo da kirari, gara a sallame shi a sayi janareta da kuɗin.

Amma yawon buɗe ido ba kamar tumatir ba ne da za ka ɗaga ka latsa kafin ka biya. Mutum yana zaune a Legas ko Jamus zai yanki tikiti wata uku kafin tafiya, bisa magana kawai. To wa ke riƙe da maganar?

Bari in ba ka abin da ya same ni. Wata shekara na haɗa baƙi tara za su kalli hawan sallah a wani gari. Sun biya otal, ɗaya daga cikinsu har ta ɗinka atamfa da mayafi don ranar. Saura kwana biyu sai raɗe-raɗi ya fara yawo cewa an soke hawan. Na kira ofis uku. Na farko ba a ɗaga ba, na biyu aka ce "oga ba ya nan", na uku aka ce in saurari rediyo. Daga bakin mai shayi na ji tabbacin sokewar. Baƙin nan ba su yi fushi don an soke ba, sun san tsaro gaba yake da kallon dawaki. Abin da ya ƙona musu rai shi ne babu wanda ya fito ya faɗa musu, ya ba su haƙuri, ya ce ga rinin Ƙofar Mata ko kasuwar Kurmi a Kano ku je ku rage zafi. Har yau ba wanda ya sake nemana a cikinsu.

Wannan giɓin shi ne aikin. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken goro da ke zuwa Gwanja ba sa sauka sai wurin maigida a zango, wanda zai ba su masauki, ya gaya musu gaskiyar farashi, ya tsaya musu idan rigima ta taso.

Dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma an shafe wajen shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Bikin da ya yi irin wannan dogon hutu, dole a samu mai bin kamfanonin tafiye-tafiye da 'yan jarida ɗaya bayan ɗaya yana tabbatar musu da rana, kuma ranar ta tabbata. Haka hawan Kano da ya shiga jerin a Disamban 2024. Takardar UNESCO ba ta amsa waya.

Ruwanda kuwa, bayan kisan ƙare dangi na 1994 sunanta kaɗai tsoro yake ba mutane. A 2005 suka fara bikin raɗa wa jariran goggon biri suna duk shekara, suna gayyato 'yan jarida su gani da idonsu. Rubutun "Visit Rwanda", wato a ziyarci Ruwanda, da suka sa a hannun rigar Arsenal a 2018 talla ce ta kuɗi, daga baya ta zo. Yanzu baƙo na biyan dala 1,500 don ya yi awa ɗaya kusa da birran nan, mu kuma ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, wanda ya je ya yi wanka ne kawai yake ba abokinsa labari.

Idan an sake ba ni fili a shirin, ka bugo mu ƙarasa, Malam. Ina so in ji ko a garinku akwai lambar da baƙo zai kira a ɗaga.

Wassalam.